Gashin da na ɗinka wa Yaya

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin yayana ya cire hula a gaban mutane ba. Ko alwala zai yi, sai ya juya wa jama'a baya, ya ɗan ɗaga ta, ya shafi kai da sauri ya mayar. A tsakar kansa akwai tabon ƙuna mai faɗin tafin hannu, sumul, ko silin gashi ba ya fita a wurin. Ni na yi masa shi. Ina 'yar mitsitsiya, Inna tana suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gidanmu na Gwarzo, shi yana kwance kusa da murhu yana jiran a ba shi na ɗanɗano, na zo a guje ina bin kaza na ture kaskon mai. Ba wanda ya taɓa goranta mini, amma duk sanda ya gyara zaman hularsa sai gabana ya faɗi.

Muka girma a zamanin da gyaɗa take sarauta. Kaka na yi, gari ya cika da jakuna da buhuna, manyan motoci suna kwasa zuwa Kano, kowane gida yana ƙanshin tunkuza. Yaya yana aiki a wajen sikelin awon gyaɗa, har ya sayi keke mai ƙararrawa. Garin sayen gyaɗa ya ga wata yarinya a Dugabau, can wajen Kabo, ya dawo ko tuwo ba ya iya gamawa. Iyayenta sun yarda, saura kakarta. Tsohuwar 'yar makiyaya ce, kuma an san halinta: duk saurayin da ya zo gaishe ta sai ta fizge hularsa da sunan wasan jika, ta duba inda gashi yake juyawa a tsakar kai, kamar yadda mutanensu suke duba goshin saniya kafin su saya. Wai a nan take gane hali. Maganarta kuwa ba a tsallake ta a gidan.

Ni a lokacin na dawo gida wankan haihuwar fari, ba aikin fari ba na baƙi, ga hannuna ya saba da allura, don ɗinkin hula nake yi tun ina budurwa. Na same shi a zaure ya yi tagumi.

Na ce, "Yaya, ka daina zuwa wurin wanzami. Ka bar sumarka ta taru."

Ya ce, "Ke dai ba kya rabo da shirme. Ta taru a ina? Wurin da ake nema ai fako ne."

Na ce, "Kai dai tara, ka bar mini fakon."

Wata uku yana ɓoye suma a ƙarƙashin hula. Na sa almakashi na rage rabinta na ƙulle a tsumma. Inna ta kama ni da ƙullin ta riƙe baki. "Gashin mutum binne shi ake yi, 'yar nan! So kike a ce kina yi wa ɗan'uwanki sammu?" Da na gaya mata dalili sai ta ce kada dai Baba ya ji, don shi malami ne, ba zai yarda da ƙarin gashi ba ko da na mai shi ne.

Na sami ƙyalle marar kauri, na rina shi da ruwan bagaruwa har ya yi kusa da launin fatarsa, na riƙa ɗaukar gashin kaɗan-kaɗan ina kafawa da allura. Na farko na jera shi layi-layi, duk ya kwanta gefe guda. Yaya ya haɗa madubi biyu ya duba, ya tuntsire da dariya. "Sannu da aiki! Kin yi mini jinkar rumbu." Na ji haushi na kwance shi tas.

Jaririna ne ya koya mini. Ina ba shi nono, ina kallon tsakar kansa, sai na ga ashe gashi daga ɗigo ɗaya yake tashi, ya yi ta kewaya kansa yana buɗewa, kuma a tsakiyar bai cika ba, ana hango fata. Na koma na fara daga tsakiya, sili biyu sili uku, kowanne na karkatar da shi kaɗan daga na gabansa, ina juya ƙyallen a kan gwiwata. Bakin-bakin kuma na bar shi shara-shara don ya shige cikin sumarsa. Sati uku na yi, idona har ruwa yake. Ban taɓa ɗinka abin da na so kamar wannan ba.

Ranar tafiya na jiƙa ƙaro na manna masa da sassafe. Ya girgiza kai, ya sunkuya, ya yi tsalle, bai motsa ba. Inna ta kewaya bayansa ta duba, ta share ido da gefen mayafi. Ya sa hula ya hau keke.

Da la'asar ya dawo. Na tare shi tun daga zaure. Ya ce, "An ba ni." Na ce gashin fa? Ya ce, "Ya yi aikinsa." Shekara da shekaru ina taƙama a raina cewa na rufe idon tsohuwar da ba a rufe wa ido, kuma na biya Yaya wani abu daga abin da na ɓata masa.

Gyaɗa ta wuce, sikelin ya yi tsatsa, Yaya ya tsufa ya rasu. Da matarsa ta fita takaba ta kira ni ɗaki, ta ciro wani ƙulli daga ƙasan akwatinsa. Gashin ne, ya yi ja, amma juyin yana nan.

Ta ce, "Ran nan ina bayan zana ina leƙe. Kun manta da zafin rana. Daga Gwarzo zuwa garinmu a kan keke, gumi ya narkar da ƙaron. Kaka na fizge hula, gashin ya bi ta, kan ya fito fili. Na ce shi ke nan, na rasa shi."

Ta ce tsohuwar ta ɓamɓaro shi daga cikin hular, ta kai shi haske, ta daɗe tana juyawa. Ta tambaye shi wa ya yi, ya ce ƙanwarsa. Ta ce mai wannan haƙurin, gidansu gidan zama ne. Sannan ta dafa tabon ta ce, wutar fa, wa ya zuba maka?

Matar Yaya ta ci gaba.

"Ya ce, 'Ni na ture kasko da ƙafata, Kaka, garin kwaɗayin ƙuli.' Da zai tafi kuma ya roƙe mu kada ki taɓa jin cewa ya ɓalle. Haka ya gaya wa 'ya'yansa ma, shi ya ture."

Shekararsa tara lokacin da na ture kaskon, kuma idonsa biyu. Ya ga kazar, ya gan ni. Na rungume ƙullin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.