Yadda Na Sa Baba Ya Yi Sallah Ba Layya

Shekarar da na gama sakandare a Tambuwal ni yarinya ce mai baki da gaggawa. In aka ce a yi abu, ni ce ta fari wajen cewa a bar mini, ni ce kuma ta fari wajen gajiya da shi. Na fara koyon ɗinki na watsar, na fara saƙar hula na bar ta rabi. Inna kan ce ni wutar kara ce, ni kuwa in murguɗa baki in ce ita ce ba ta san zamani ba.

Baba ma'aikaci ne a sakatariya, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma tun da na yi wayo bai taɓa fashin layya ba. Dabararsa ita ce ya samo ɗan rago tun da kaka daga wajen Goggo a Fakku, Inna ta kiwata shi har Sallah. Wannan shekarar yayata ta haihu a Kebbe, haihuwar ta zo da wahala, Inna ta tafi jinya ta daɗe. Baba ya so ya mai da ragon wajen Goggo, na hana. Na ce mi ne ne abin wuya a zuba harawa da ruwa, ai ko makaho ya iya. Ya dube ni ya ce kiwo ba wuya gare shi ba, naci yake so. Na ce ya zuba ido kawai.

Makon farko har wanka na yi wa ragon, na ɗauke shi hoto na tura wa ƙawaye. Daga nan halina ya dawo. In na yi sallar asuba sai in koma shimfiɗa da waya, in farka rana ta take. Wata rana ragon ya ci da hantsi, wata rana sai la'asar, wata rana kukansa ne ke tuna mini ruwansa ya ƙafe tun jiya. Kullum ina ce wa kaina akwai sauran lokaci, gobe zan gyara. Baba yana fita da sassafe ya dawo da magariba, in ya tambaya in ce lafiya lau. Ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin, don a raina niyyar gyarawa tana nan.

Watan babbar Sallah na kamawa maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta tsaya kan turke tana dariya, ta tambaye ni ko wanga rago azumin nafila yake yi. Na ce ta ɗauki turminta ta ba ni wuri. Amma da ta fita na duba da kyau, haƙarƙarinsa duk a waje. Kunya ta kama ni, ta koma haushi, kuma cikin wannan haushin na yanke shawara ban tambayi kowa ba. Na shiga ɗakin hatsi na ɗebo dawa cike da kwano babba, na haɗa da dusa da sauran tuwo, na tura masa. Ya cinye, na ƙaro. Lissafina shi ne in haɗa masa abincin da ya rasa a watanni ya ci cikin 'yan kwanaki. Ban san cikin dabbar da ta saba da busasshiyar harawa ba ya ɗaukar tsaba da yawa lokaci guda.

Washegari ya ƙi tashi. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana nishi yana cizon haƙora. Baba ya hau babur ya ɗauko malamin dabbobi, ya ɗura masa magani, sannan ya tambayi abin da aka ba shi. Na faɗi gaskiya. Ya girgiza kai ya ce da an kira shi tun jiya da wataƙila. Kafin azahar Baba ya sa wa ragon wuƙa don kada ya zama mushe. Naman ya halatta, amma ba layya ba ce, Sallah ba ta zo ba. Raguna kuma sun yi tsadar da ba ya iya taɓawa.

Da Baba ya zage ni da na samu sauƙi. Ranar Sallah ya dawo daga idi ya shimfiɗa tabarma a zaure, kowane gida hayaƙi na tashi ban da namu. Mutanen da ya saba aika wa nama su ne suka riƙa aiko masa, yana karɓa yana godiya yana sa albarka. Ina bayan ƙyaure ina jin muryarsa, kuma har yau ban ji abin da ya ƙona ni kamar wannan godiyar ba.

Da kaka ta zagayo na je Fakku da ƙafata na roƙi Goggo wani ɗan ragon. Ta ce ɗiyar nan ba ta da kunya, ta kashe ɗaya ta dawo neman na biyu. Na ce e, kuma ba ni tashi sai ta ba ni. Ta ba ni. Na kafa wa kaina doka: ba na taɓa waya sai ya ci ya sha, ko ina so ko ba na so. In zan canza masa abinci, kaɗan kaɗan. In wata dabara ta faɗo mini ina cikin zafi, sai na kwana da ita na faɗa wa Inna tukuna. Gaggawata ba ta tafi ba, tana nan, ɗaure ta nake yi kullum. Shekarar Baba ya yi layyarsa.

'Yan uwana mata, musamman masu zafin kai irina, ga abin da na koya. Akwai aikin da ba ya karɓar ramuwa, na kullum ne, in kin bar na yau ya tafi ke nan. Kuma ranar da kika farga kin yi sakaci, ranar ce kika fi haɗari, don kunya za ta ce ki gyara komai yanzu yanzu. Kada ki saurare ta. Ki tsaya, ki faɗa wa wanda ya fi ki sani, ko da zai yi miki dariya. Dariyar kwana ɗaya ce. Ni na guje ta, sai mahaifina ya biya a gaban unguwa.