Ranar da na san fata ma tana shan guba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Kunci, mahaifina ya tashi wata Asabar ya ce zai yi wa wakensa feshi. Waken ya fara fure, tsutsa kuma ta sa shi a gaba. Ya haɗa magani, ya goya tankin feshi a baya, ya shiga gona daga shi sai 'yar shara. Murfin tankin yana yoyo, ya kuma san da haka, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Bayan azahar ya dawo yana cewa kansa na juyawa. Mahaifiyata ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Kafin la'asar gumi ya jiƙa shi sharkaf, yawu na dalala daga bakinsa, hawaye na zuba ba tare da kuka ba. Ya yi amai sau biyu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne naman damtsensa, yana ta motsi shi kaɗai kamar akwai wani abu mai rai a ciki.

Ni ne ɗan bokon gidan, don haka ni kowa ya zuba wa ido. Na gyara tsayuwa na ce a kawo manja da madara a ɗura masa, wai ni masani. Mahaifiyata ta ɗauko kwalbar manja ta miƙo mini cokali ke nan, maƙwabcinmu mai babur ya yi sallama. Da ya ga halin da ake ciki ya ce in ajiye cokalin nan, ya taɓa ganin irin wannan a jikin ƙaninsa, asibiti za mu. Ya kuma ce in ɗauko kwalbar maganin feshin. Muka sa Baba a tsakiya, na rungume shi ta baya, muka kama hanya.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta karɓi kwalbar ta karanta, ta sa safar hannu, ta sa almakashi ta yanke 'yar sharar. Sai na ga an kawo bokiti da sabulu. Raina ya ɓaci. Na ce mata mun kawo mutum rai a hannun Allah, wanka za a fara yi masa?

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, gubar tana jikinsa, fatarsa na ci gaba da shanta. Kai ma da ka rungumo shi, je ka wanke hannu da ƙirji."

Na tafi famfo sum-sum, ina wankewa ina mamaki. Ban taɓa tunanin fata na da baki ba.

Da na dawo an sa masa robar iska a hanci, an ɗaura ƙarin ruwa. Likita ya buɗe idonsa ya haska da tocila. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga baƙin tsakiyar idon ya tsuke kamar tsinin allura. Ya yi masa allura ta cikin robar ruwan, ya saurari ƙirji. Bayan 'yan mintuna ya ƙara wata, ya sake saurare, ya ƙara. Na ɗauka mantawa yake yi ya riga ya yi, har na tuna masa.

Ya yi murmushi ya ce wannan guba kamar ta buɗe duk famfunan jiki ne a lokaci guda: yawu, gumi, hawaye, har ruwa a huhu, kuma na huhun ne ke kisa. Allurar rufe su take yi, ba za a daina yin ta ba sai ƙirjin ya bushe. Ganin na ƙi matsawa, ya sa mini abin sauraron a kunne. Na ji ƙirjin mahaifina yana ɓararraka kamar tukunyar da ta tafasa. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni.

Ya tambaya ko mun ba shi wani abu a gida. Na ce a'a. Ya ce mun kyauta, don mutumin da ya galabaita haka in aka ɗura masa manja, huhu yake wucewa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Dab da magariba ya sake ba ni na saurara, sai iska kawai ke shiga tana fita. Baba ya buɗe ido, ya ce a kori awakin da ke ƙarƙashin gado. Dattijuwar ta ce aikin allurar ne, zai wuce. Kwana huɗu muka yi aka sallame mu.

Tun daga ranar na rage saurin ba da fatawa a kan abin da ji kawai na yi. Har yau in na ga mai feshi ba riga, sai na tsaya na ishe shi da surutu.

Kwanaki na tambayi Baba me yake tunawa na wannan rana. Ya ce bai san an hau babur ba, bai san an yi allura ba. Hannun wata mata kawai yake tunawa tana cuɗa masa baya kamar jariri, ya so ya ji kunya, ƙarfin jin kunyar ma babu. Bai san sunanta ba, amma bayan kowace salla sai ya ce, "Allah, matar nan mai sabulu, Ka san ta."