Bindigar Bahago da Baba Aisami Ya Ƙera

Baba Aisami maƙeri ne a bayan kasuwar Gure. Fartanya da lauje yake ƙerawa a fili, bindiga kuwa sai a ɓoye, don lokacin Nasara ba sa so. Ƙarfe zai yi ta duka yana naɗewa har ya zama bututu, ya sassaƙa ƙota da itacen aduwa, ya ɗaura dutsen ƙyastu a gefen dama. Kowace bindiga tasa a dama take tartsatsi, nesa da fuskar mai harbi.

To, shekarar da kura ta dame mu a garke, kakanku ya je aka ƙera masa. Ashe bahago ne. Ni matarsa ban sani ba. Tun yana yaro aka dake shi har ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama. Ran da kura ta fito masa a kwari, hannun asali ya riga shi, ya ɗora a kafaɗar hagu. Wutar albarushi ta tashi a fuskarsa. Da aka shigo da shi gida, gira babu, idon dama ya yi fari fat. Ludayi na hannuna, na kasa ajiye shi.

Baba Aisami ya zo dubiya, ya ce, "Kai ɗan nan, ni ka ɓoye wa hannu? Surukinka ne ni?"

Ya rufe maƙera, bai karɓi aikin kowa ba. Sai ga shi da wata bindiga, komai nata a juye, dutsen a hagu. Ba a taɓa ganin irinta ba.

Na ce, "Baba, ido ɗaya ya rage masa. Wanda ya saura za ka ɗauke?"

Ya kai mu kwari cikin dabino da hantsi, ya ɗura albarushi, ya sa a kafaɗarsa ta hagu, ya manna kumatu, ido buɗe. Ta tashi. Ya juyo, ko gashin gemunsa bai ƙone ba. Ya sake ɗurawa, ya miƙa wa kakanku.

Ni dai na rufe fuska da zane. Na ji ƙara, sannan shiru.

Can na ji muryar kakanku: "Habsu, buɗe fuskarki mana. Ai ina ganin ki."