Yalwa Mai Wankan Jego

Duk Rigasa babu wanda bai san Yalwa mai wankan jego ba. Bakatsiniya ce, ta biyo miji Kaduna, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Talatu, da rabin gangar da take dafa ruwa a ciki. Ga baki, ga taurin kai. In ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego, har maƙwabta sai sun ji ihu, ita kuwa ko a jikinta. Tinƙahonta shi ne sanyi bai taɓa kama matar da ta yi wa wanka ba.

Da daminar 1991 Talatu ta haifi bakwaini, namiji, ɗan mitsitsi kamar tsako. Aka sa shi a kwalba a wani asibiti cikin gari. Nas ta ce uwar ta zauna kusa, ta riƙa tatsar nono ana ɗura masa, tunda ba ya iya tsotso. Yalwa ta ga 'yarta tana kwana a baranda, tana wanka da ruwan famfo, sai hankalinta ya tashi. Haihuwar fari, ba wanka, ba kunun kanwa? Ai kashe mata 'ya za a yi.

Nas ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Talatu kuwa, kunyar ɗan fari ta hana ta cewa tana son zama wurin ɗanta. Yalwa ta tasa ta gaba sai Rigasa, wai Labaran, mijin Talatu, zai riƙa kai nonon a babur. Ya kai na farko. Washegari aka tafka ruwa, hanya ta yanke, kafin ya isa nonon ya lalace. Ba a kai ranar suna ba ya dawo da yaron naɗe cikin zani.

Kowa ya ce wa Yalwa kwanansa ne ya ƙare. Ta ji, amma zuciyarta ta ƙi. Ga shi ko ɗa ya mutu, wanka bai faɗi ba. Safe da yamma sai ta hura wuta ta kira Talatu bayan ɗaki. Yarinyar ta zauna, nono na tsiyaya, ganye na sauka a bayanta, ba ihu ba hawaye. Rannan, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ƙara wuta, Inna. Ai don wannan kika raba ni da shi."

Yalwa ta kai ta arba'in, sannan ta kife gangar. Har ta koma ga Allah ba ta sake ɗora wa kowa ruwa ba.