Mabuɗin Coci a Gagarawa Tasha

Hadijatu mai ƙosai ba ta san sunansa ba, ta dai ji ana ce masa Fasto. Dogo ne siriri, wuyan kwat ɗinsa ya koɗe, yana tsaye da akwatin ƙarfe ɗaya, yana jiran jirgin Kano. Farin bana ya watse masa mabiya, shi ma ga alama manyansa ne suka kira shi.

A gabansa Barau ne, tsohon leburan layin dogo, ya haɗa tafuka kamar mai karɓar hatsi. Fasto ya sa masa mabuɗin coci.

"Baba, ko mutum uku suka zo, ka buɗe. Wanda ba ka gani ba ranar Lahadi, ka je gidansa Litinin. Kada ka yi faɗa, lafiyarsa za ka tambaya."

"To karatun fa, Fasto? Ka san ban iya ba."

Fasto ya daɗe yana shafa bangon Littafi Mai Tsarki, sai da jirgi ya yi kuka ya miƙa masa.

Jirgi ya ɓace. Barau ya juyo wajen Hadijatu, Littafi a ƙirji.

"'Yata, akwai wanda ya yi boko a gidanku?"

Hadijatu ta girgiza kai.