Mai-Awo, Wanda Ya Yi Ta Ƙara wa Haruffa Girma

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi, wanda abokan sana'a suka fi sani da Mai-Awo, a shekarar 1952, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, wani tela mai tsananin son daidaito. Mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce. Da ya kammala firamare a 1965 aka kai shi maɗaba'a koyon aiki.

Aiki

Shekara ashirin da takwas ya shafe yana jera haruffan dalma da hannu, a zamanin da girman harafi yake ƙayyadadde: in babu haruffa masu girman lamba goma sha huɗu a aljihun tebur, to babu ita ke nan. A 1993 maɗaba'ar ta sayi kwamfuta, amma manhajar tsara shafi ita ma ga taurin kai, domin iyakarta lamba ashirin da biyar. In aka matsa mata, sai gefen haruffa ya koma kamar haƙoran zarto.

Aure da Iyali

A 1976 ya auri wata malamar makaranta. Ba ta da abin ƙauna irin ɗan littafin addu'o'in da mahaifinta ya rubuta mata, wanda take karantawa kowace safiya. A 1998 ganinta ya soma raguwa, likita kuma ya tabbatar ba zai dawo ba. Ta ƙi fafur a riƙa karanta mata, cewa ta yi, "Da idona nake so."

Mai-Awo ya buga mata littafin a lamba ashirin da biyar, bayan shekara biyu wannan ma ta gagare ta. Hankalinsa ya tashi matuƙa. Wata uku yana bin littafin bayanin manhajar shafi-shafi, har ya gano umarnin da ke buɗe harafi zuwa duk girman da aka so ba tare da ya lalace ba. Don ɗoki ya buga a lamba talatin, ya manta bai ƙara tazarar layuka ba, suka hau kan juna. Da matar ta kanga takardar a fuska sai ta ce, "Malam, waɗannan haruffan naka dambe suke yi ne?" Ya yi dariya har da hawaye, ya koma ya gyara. Tun daga nan kowace shekara sai ya ƙara girman.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2009, lokacin ɗan littafin nan mai shafi ashirin ya zama kundi uku. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 4 ga Maris, 2014, bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa da yammacin ranar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar ma'aikaciyar jinya, mai bi mata direba, sai malamin lissafi, sai auta, wadda ta gaji sana'arsa.

Bayan mako biyu auta ta buɗe kwamfutarsa, ta tarar ya tsara littafin har kashi goma na shekaru goma masu zuwa, kowanne da shekararsa, daga lamba sittin zuwa ɗari da hamsin, tazarar layuka duk a gyare. Da ta faɗa wa mahaifiyarta, sai tsohuwar ta ce, "Bugo mini na bana."