Shinkafar Makoki

Shekarun baya, muna haya a unguwar Romi, mahaifiyar maƙwabciyata ta rasu. Mutanen kudancin Kaduna ne, suka tafi ƙauye binne ta ranar Juma'a, suka dawo Asabar da hantsi. Maƙwabciyar tawa ta raba wa kowane ɗaki dafa-dukar makoki daga wata ƙatuwar kula da ta kwana a bayan mota.

Ni kuwa sarkin iyawa, na buɗe na shinshina: ba tsami, ba yauƙi, har da ɗan ɗumi. Na ɗumama ta har ta yi tururi, na zuba wa 'yata mai shekara huɗu. Ni ina ramuwar azumi, ban ci ba.

Kafin la'asar gidan ya yi tsit, gidan da rediyo uku ke tashi lokaci guda. Rana ƙwal, ƙofofi a rufe, ba abin da kake ji sai kakarin amai daga ɗaki zuwa ɗaki. Kujerar robar da marigayiyar ke zama tana nan a tsakar gida, ta fuskanci ƙofata. 'Yata ta yi amai har ta daina kuka, idanunta suka faɗa, ta ƙura wa kujerar ido. 

Mahaifiyata ta ce a waya, "Abincin gidan mutuwa kika ba ta? An sa wani abu ciki." Wallahi na yarda. Na goya yarinyar, na tsaya ƙofar maƙwabciyata na ɗaga murya: "In 'yata ta mutu, ke kika kashe ta." Ba a amsa ba.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Nas ta ce, "Madam, ba asiri ba ne. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dahuwa ba ta kashewa. In ta daɗe cikin ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, ɗumame kuma ba ya karya gubar."

Can aka shigo da maƙwabciyata, ranga-ranga, aka kwantar da ita a gadon kusa. Ta juyo da ƙyar. "Maman Baby, ya jikinta? Na ji ki ɗazu, tashi ne na kasa."

Washegari 'yata ta warware. Yanzu shinkafar da ta wuni a kula ba na ba kowa. Amma kunyar ba ta sake ni ba. Na roƙi gafara, ta ce ba komai. Sai dai har muka tashi daga gidan, ko ranar Kirsimeti kwanonta bai sake zuwa ƙofata ba.